Hoton da Aka Ɗauka da Lambar Auta

Da yammacin wata Laraba, rana tana gab da faɗuwa, Malama ta miƙa wa Dattijo makullin tsohon ɗakin hoto. Ta ce ya mayar da rigunan dalma biyu da aka aro, masu kare jiki daga hasken na'ura, ya rufe ɗakin, ya bar makullin a hannun mai gadi. Aike ne da ba ya cin minti goma.

Su shida ne a ajin, dukkansu masu digiri da suka dawo koyon ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a babban asibiti. Sun sa masa suna Dattijo domin ya girme su duka. Shekara bakwai ya yi yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma sau uku yana neman gurbin wannan karatu kafin a ɗauke shi. Ƙaninsa Auta kuwa, wanda shi Dattijo ya cike wa takardar neman gurbin da hannunsa, nema ɗaya ya yi aka kira shi.

Wannan bai dame shi ba da farko. Abin da ya fara ci masa rai shi ne hannun yaron. Dattijo yakan kwana a kan littafi, ya haddace nisan na'ura da ƙarfin haske, ya auna, ya sake aunawa. Auta sai dai ya dubi majinyaci sau ɗaya, ya ɗan dafa kafaɗarsa, ya yi masa wata raha, hoto ya fito garau. Malama takan maƙala hoton a allon haske ta kira sauran su zo su gani. Sau goma sha ɗaya ta yi haka a cikin shekara biyu. Dattijo yana ƙirgawa. Nasa bai taɓa hawa allon ba.

Washegari kowa zai miƙa jakarsa ta hotuna goma da ya ɗauka da tsohuwar na'ura. Daga cikin jakunkunan nan Malama za ta zaɓi mutum ɗaya tak wanda zai zauna a sashen ya ci gaba a kan babbar na'ura. Sauran biyar kowa ya kama gabansa.

Yana saɓa rigunan a kafaɗa sai ga Auta yana lalube aljihunansa.

"Yaya, ko ka ga alamata ta dama? Tun azahar nake nema."

"Ka duba cikin rigar da ka cire."

"Na duba har cikin takalmi. Kawo in rage maka ɗaya, kada bayanka ya riƙe, matarka ta ce mu muka ƙarasa tsofar da kai."

"Kula da naka bayan. Wuce gida, Inna tana jiranka."

"To, ranka ya daɗe, shugaban masu furfura." Auta ya yi dariya ya fita yana kaɗa jaka.

Alamar tana cikin aljihun Dattijo tun azahar ɗin.

Ƴar ƙaramar dalma ce, ba ta wuce farcen babban yatsa ba. Kowane ɗalibi yana da guda biyu, ta dama da ta hagu, kuma a ƙarƙashin kowace akwai lambarsa. Ana manna ta a kan farantin hoto kafin a ɗauka, sai ta fito fara a kusurwa, ta nuna gefen jiki, ta kuma nuna wanda ya yi aikin. Dattijo lamba biyu ne. Auta lamba biyar. Malama tana yafe hoto mai duhu, tana yafe karkatacce, amma ba ta yafe wa wanda ya sa alamar dama a gefen hagu, domin da irin wannan kuskure ake buɗe wa mutum gefen da yake lafiya. Gane shi kuma ba wuya. Zuciya a hagu take, saboda haka duk hoton da aka ga zuciya da alamar dama a gefe ɗaya, an san mai shi ya yi ɓarna.

Irin hoton da Dattijo ya ƙudura zai ɗauka ke nan, da lamba biyar a jikinsa, ya cusa shi cikin jakar ƙaninsa.

Tsohon ɗakin yana can ƙarshen doguwar baranda, bayan ɗakin ajiyar gadajen da suka karye. Yana tafe yana jin ƙarar takalminsa, rigunan dalma suna danne masa kafaɗa. Hayaniyar asibiti ta yi ta raguwa a bayansa, kukan wani jariri, ƙarar keken marasa lafiya, har ya zama babu abin da yake ji sai ɗigar wani famfo. Hasken da ke shigowa ta tagogin sama ya koma ja.

Ya buɗe, ya shiga, ya tura ƙofar. Warin ruwan wanke hoto ya tare shi, mai tsami, gauraye da warin ƙura da tsohuwar roba. A tsakiyar ɗakin na'urar tana rataye da dogon wuyanta. A jikin bango ga mutum-mutumin roba mai ƙasusuwa a ciki, wanda ɗalibai suke koyo a kansa. Mai Haƙuri suke ce masa, don shi kaɗai ne majinyacin da bai taɓa yin ƙorafi ba.

Dattijo ya rataye rigunan. Ya kunna na'ura, ta fara gurnani ƙasa-ƙasa. Ya zura faranti a mazauninsa, ya jingina ƙirjin Mai Haƙuri a kai. Sannan ya ciro alamar Auta, ya yanki filasta da haƙori, ya manna ta a saitin kafaɗar hagu.

Abin da yake gani a zuci shi ne fuskar Malama gobe, da yadda za ta cire tabarau ta dubi Auta.

Daga nesa aka fara kiran magariba.

Sai aka yi tari a bayansa.

Ya waiga. Wani tsoho ne a bakin ƙofa, dogo ƙwarai, har kansa yana neman taɓa saman ƙofar. Yana sanye da rigar majinyata irin wadda aka daina amfani da ita tun kafin Dattijo ya zo asibitin. Yana riƙe da kati. Dattijo bai ji buɗe ƙofa ba, ita kuwa ƙofar nan ba ta buɗuwa sai da kuka.

"An ce in zo nan," in ji tsohon, cikin raɗa.

"An tashi, Baba. Ka dawo da safe, sabon ɗakin hoto yana can gaba."

"Nan aka ce."

Ya miƙo katin. Takardar ta yi rawaya don tsufa, tana da sanyi kamar an ciro ta daga ruwa. An rubuta hoton ƙirji. Wurin suna babu komai.

Kafin Dattijo ya ɗago kai, tsohon ya riga ya isa jikin bango. Ya ɗauke Mai Haƙuri da hannu ɗaya, abin da ɗalibai biyu suke ɗauka da nishi, ya ajiye shi a gefe. Ya jingina ƙirjinsa a faranti. Ya ɗora haɓa a inda ake ɗorawa, ya kafa bayan hannuwansa a ƙugu, ya turo kafaɗu gaba. Babu abin da za a gyara masa. Tsayuwar wanda ya saba ce.

Doka ta hana ɗalibi ɗaukar majinyaci ba tare da malami a wurin ba. Dattijo ya san haka sarai. Ya kamata ya kashe na'ura ya kira mai gadi. Amma sai wani tunani ya ratsa shi, mai daɗi kamar ruwan sanyi. Hoton Mai Haƙuri zai rage wa Auta maki ne kawai. Hoton mutum mai rai, ba da izini ba, da alama a juye, wannan kora ce.

Ya koma bayan katangar dalma. Ya leƙa ta ƴar tagar gilashi. Ya ɗora yatsa a kan makunni.

"Ja numfashi," ya ce. "Riƙe."

Tsohon ya ja.

Labulen taga ya miƙe ya nufi tsakiyar ɗaki. Takardun da ke kan tebur suka zame suka zube. Kunnuwan Dattijo suka toshe, ya buɗe baki yana neman iska bai samu ba. Ya danna makunni. Na'ura ta yi ƙara ta yi shiru.

Ya zare farantin ba tare da ya dubi fuskar tsohon ba, ya faɗa ɗakin wanki ya ja ƙofa.

A ƙarƙashin jar fitila ya tsoma hoton cikin ruwa na farko. Ya kasa kunne. Babu tari, babu motsin ƙafa, babu ko ƙarar kujera. Ya mayar da hoton ruwa na biyu, ya ɗauraye, ya ɗaga shi yana ɗiga. Ya fito da shi, ya maƙala a allon haske, ya kunna.

Sai ya manta da tsoro.

Bai taɓa ganin hoto irin wannan ba, ko a littafi. Ƙashin baya a miƙe a tsakiya kamar an ja shi da zare. Allunan kafaɗa sun kauce tsaf, sun bar huhu a fili. Kowace ƴar jijiya ta fito, har mafi siririya, kamar saiwar ciyawa a cikin ruwa mai tsabta. Babu duhun da ya yi yawa, babu hasken da ya yi kaɗan. Duk hotuna goma sha ɗayan da Malama ta ɗaga, babu wanda ya kama ƙafar wannan.

Ya nemi ɓarnar da ya shuka. Ga alamar dama a kusurwa, fara tas, ga lamba biyar a ƙarƙashinta. Ya nemi zuciya a gefen, bai gan ta ba. Tana ɗaya gefen. Zuciyar tsohon a dama take. Alamar da ya juya da gangan ta zauna daidai yadda ido yake so, babu mai duban hoton nan ya ga kuskure.

Sannan ya fara ƙirga haƙarƙari, yadda aka koya musu. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. A nan na ɗan Adam suke ƙarewa, amma yatsansa bai kai ƙarshe ba. Sha biyar. Sha tara.

"Ba ka ce in saki ba."

A saitin kunnensa aka faɗa.

Tsohon yana tsaye a bayansa, ƙirji a kumbure, bakinsa a rufe. Maganar ba ta bakin ta fito ba. Minti goma sha biyar ke nan yana riƙe da numfashin.

"Saki," in ji Dattijo, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Iskar ta fito a hankali, mai sanyi, mai warin tsohuwar rijiya. Ta daɗe tana fita. Fitilar allon ta yi ƙasa ta dawo.

Tsohon ya sunkuyo yana duban hoton. Ya daɗe. Ya sa dogon farce ya bi layin ƙashin baya daga sama har ƙasa.

"Shekara da shekaru muna zuwa ɗakin nan," ya ce. "Kowa juya mu yake yi. Damarmu ba damarku ba ce. Wannan ne kaɗai ya gane mu."

Farcen ya gangaro kusurwa, ya tsaya a kan lambar.

"Biyar. Hannu mai albarka. Irin wanda muke nema."

Dattijo ya yi ƙoƙarin karanta addu'a. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dalma.

"Muna da marasa lafiya da yawa, ba mu da mai ɗauka. Za mu tafi da shi. Wurinmu ba a dawowa, amma za a girmama shi." Tsohon ya juyo da kansa, jikinsa bai juyo ba. "Kai ɗan aikensa ne? Ina mai lamba biyar yake kwana?"

Ɗakin ya yi tsit. Famfon baranda ma ya daina ɗiga.

Dattijo ya san ɗakin da Auta yake kwana. Na biyu daga ƙofar gida, kusa da na Inna. Yanzu haka Auta yana zaune a kan tabarma yana ba ta labarin asibiti, tana dariya tana cewa ya ci abinci tukuna. Kalma huɗu za ta isa. Ko ma ya yi shiru, lambar tana nan, za su nemo shi da kansu. Gobe jaka biyar za a miƙa, kuma a cikin sauran huɗun babu wanda ya kai Dattijo.

Ya ga fuskar Inna. Ya ga Auta yana ɗan shekara huɗu, a kan wuyansa, yana riƙe da kunnuwansa. Waɗannan duka sun zo masa, amma ba su ne suka fi ƙarfi ba.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne sunan nan da tsohon ya kira shi da shi: ɗan aike.

Hoton da ya fi kowane hoto kyau. Shi ya auna nisan. Shi ya zaɓi ƙarfin hasken. Yatsansa ne ya danna. Sau ɗaya a rayuwarsa aikinsa ya hau allon haske, aka tsaya ana yabo, kuma ko a nan, ko a bakin wannan abin da ba mutum ba, sunan Auta ake kira.

Wani abu mai zafi ya taso masa daga ciki ya buɗe masa baki.

"Ni na ɗauka."

Tsohon bai motsa ba.

"Ni na ɗauka! Alamar sato ta na yi. Bai taɓa ganin hoton nan ba, ba zai iya irinsa ba. Aikina ne. Lamba biyu."

Sai da kalmar ƙarshe ta fita ya ji abin da ya faɗa.

Tsohon ya yi murmushi. Bakin ya ci gaba da buɗewa bayan inda baki yake tsayawa.

"Biyu," ya ce. "To, mu tafi."

Hannun ya kama wuyan hannunsa. Sanyin ya ratsa har ƙashi. Bayan Mai Haƙuri, inda bango yake tun da aka gina ɗakin, yanzu akwai wata baranda, doguwa, marar fitila. A gefenta akwai benci. A kan bencin akwai masu jira. Suna tari ƙasa-ƙasa, kowa da katinsa.

Ƙafafun Dattijo suka fara jan ƙasa.

Taku ɗaya. Taku biyu.

Ba addu'a ce ta zo bakinsa ba, aiki ne ya zo.

"Baba, saura na gefe."

Jan ya tsaya.

"Hoton ƙirji biyu ne. Na gaba da na gefe. Ba a kai wa likita ɗaya."

Tsohon ya waiwayo.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya koma jikin bango. Ya juya gefe, ya ɗaga hannuwa sama da kai. Babu faranti a mazaunin. Bai lura ba, ko kuwa ya lura.

Dattijo ya ja da baya. Ba katangar dalma ya nufa ba.

"Ja numfashi."

Labule ya miƙe.

"Riƙe."

Ya lalubo ƙofa a bayansa. Iskar tana janta ciki, ya sa kafaɗa, ya sa gwiwa. Ta buɗe da kuka. Ya faɗa baranda.

Ya gudu.

Bai waiga ba. A bayansa babu taku, babu kira. Wannan shirun ya fi masa kowace ƙara muni. Ya wuce ɗakin gadaje, ya wuce famfo, ya yi karo da keken marasa lafiya ya tashi. Sai a lokacin harshensa ya saku, sunan Allah ya fito masa da ƙarfi har mai gadi ya miƙe da buta a hannu.

"Lafiya, malam? Ko gobara ce?"

Dattijo ya zube a gabansa. A wuyan hannunsa akwai shatin yatsu, fari fat, guda shida.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Da aka buɗe ɗakin da safe an tarar da na'ura a kunne, allon haske a kunne, babu hoto a kai. Alamar Auta tana ƙasa a cikin ƙura. Malama ta karɓi jakar Dattijo a makare saboda rashin lafiyar, ta duba, ta ce aiki ne mai tsabta. Auta ta zaɓa.

Ranar da zazzaɓin ya sauka, Auta yana zaune a bakin gadonsa. Dattijo ya gaya masa komai, tun daga satar alamar, bai rage ba sai abu ɗaya: ainihin abin da ya buɗe masa baki. Auta ya kama hannun yayansa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka ɗauki alamata, wannan na yafe tun kafin ka gama faɗa. Amma da ka yi shiru da yanzu babu ni. Ka ba da kanka saboda ni, Yaya."

Dattijo ya juya fuska ga bango. Bai gyara masa ba, har yau kuma bai gyara ba.

Ya gama karatu ya samu aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, mai sabuwar na'ura da ɗaki mai haske. Yana aikinsa da kyau. Aikin safe kawai yake karɓa, kuma duk yadda layi ya kai, kafin rana ta yi ja ya kashe na'ura.

A ƙofar ɗakinsa akwai dogon benci na katako. Da la'asar majinyata suke watsewa, a share wurin, bencin ya zauna babu kowa. Amma idan ya fito yana juya makulli, sai katakon ya fara ƙara daga wancan ƙarshen, a hankali, yana matsowa, yadda benci yake yi idan masu jira suna gusawa gaba. Ba ya dubawa. Yakan ce, da ladabi, "An tashi. Sai wani lokaci." Ƙarar ta tsaya. Washegari ta dawo, kuma kullum tana ɗaukar lokaci fiye da jiya kafin ta iso, kamar masu jiran ƙaruwa suke yi.

Yana tsoro, ba ya musun wannan. Yakan yi sauri har sai ya shiga cikin mutane a bakin titi. Sai dai wani lokaci, a cikin motar haya, idan numfashinsa ya daidaita, yakan tuna cewa Auta yana can a kan babbar na'ura, likitoci suna yabonsa, ɗalibai suna bin bayansa, amma babu wanda ya taɓa jiran Auta shekara uku a kan benci ya ƙi kowa sai shi. A nan sai ya ji bakinsa yana neman yin murmushi, ya sa hannu ya rufe.